Darasin Tururuwa Ga Masu Haɗa Kwamfutoci

Masu iya magana sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Amma yawa ba shi da amfani sai da tsari. Wannan ita ce matsalar da ke gaban masana kwamfuta a yau, watau yadda dubban na'urori da ke warwatse a garuruwa daban-daban za su yi aiki ɗaya ba tare da wata babba ta tsaya tana ba su umarni ba. Domin in aka ɗora kome a kan guda ɗaya, ranar da ta lalace, saƙonni da kuɗin jama'a sun tsaya ke nan.

Tururuwa ta daɗe da warware irin wannan matsala. Sarauniyarta ba ta mulki, ƙwai kurum take sakawa. Wadda ta sami abinci takan bar wani sinadari mai ƙanshi a hanya. Gajerar hanya ana saurin zuwa da dawowa, saboda haka ƙanshinta ya fi ƙarfi, sai sauran su bi ta. Hanyar da aka daina bi kuwa, ƙanshinta yakan gushe. A 1992 Marco Dorigo na Italiya ya mai da wannan ɗabi'a lissafi a kundin digirinsa na uku. A 1998 kuma shi da Gianni Di Caro suka fito da AntNet, inda ƙananan saƙonni ke yawo tsakanin kwamfutoci suna alamta hanyar da ta fi sauri.

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. A 1921 William Beebe ya ba da labarin wasu dangin kwarkwasa da ya gani a Guyana, sun ɓace hanya, kowace na bin ta gabanta, suna ta kewaya da'ira har da yawansu suka mutu. Ƙa'idar da ke kai su ga abinci ita ce ta halaka su, don babu mai cewa a tsaya.

Saboda haka, koyi da halitta abu ne mai kyau, amma bai isa hujja ba. Wajibi ne mai tsara na'urori ya gwada da lissafi, ya san ranar da ƙa'idar za ta ci amanarsa. Ya kuma tabbata na'urorinsa sun iya mantuwa da tsohuwar hanya, kamar yadda ƙanshin tururuwa ke gushewa.