Maƙera, Harsashi Da Albarushi A Ƙasar Gobir

  Maganar da na ke so mu duba yau ita ce ta bindigar gida, wadda maƙera ke ƙerawa, da harsashinta da albarushinta, don kuwa abin ya yawaita ƙwarai a ƙasashen Sabon Birni da Isa, har ya kai inda shiru ba shi da amfani.

Masu yawon duniya sun ba mu labari a Amurka akwai mutanen da su ke haɗa harsashi da hannunsu a gida, ba don yaƙi ko neman abinci ba, sai don su je fili ran hutu su gwada saiti ga allo, watau dai abin sha'awa ne gare su. To, mu nan ba haka abin ya ke ba. Ko a littattafanmu, mai Risala, Ibn Abi Zaidin, ya nuna farauta don wasa makaruhi ce, amma don bukata halal ce. Iyayenmu ba su ɗauki bindiga abin wasa ba. Maharbi ya kan saɓa adakarsa ya shiga daji don ya ci da iyalinsa, yana ƙarƙashin Sarkin Baka. Maƙerin da ya ƙera ta yana ƙarƙashin Sarkin Maƙera. Dogarawan da ke buga ta ran Salla a gaban Sarki su a ke kira 'yan bindiga, suna da nasu shugaba. Ku duba yadda zamani ya juya: sunan nan da ya ke na girma a da, yau in an ambace shi mata sai su tattara 'ya'yansu su nufi daji.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a Gobir. Masu tarihi sun ruwaito Sarkin Gobir Yunfa ya kira Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Alƙalawa, ya auna shi da bindiga, wutar ta dawo ta ƙone shi shi kansa. A Tabkin Kwato, cikin 1804, baka da kibiya ne suka rinjayi dawaki masu lifidi, Alƙalawa kuma ta fāɗi cikin 1808, ga kufanta nan a ƙasar Sabon Birni. Sai cikin 1903, a Giginya, mutanenmu suka ga bindiga mai ruwa a hannun Nasara, suka san makamin masana'anta dabam ya ke da na zuga-zugi.

Abin da ya mai da talaka wurin maƙeri yau ba ɓoyayye ba ne. Tun da gwamnatin Gaddafi ta rushe a Libiya cikin 2011, makamai suka bazu cikin Sahara, wasu suka biyo hanyar Nijar suka shigo mana, ga shi iyakarmu ba ta da shinge. Cikin watan Mayu na 2020 aka auka wa Garki da ƙauyukan da ke kewaye da ita, aka kashe fiye da mutum 60. Cikin Oktoba na 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, fiye da mutum 40 suka rasu. Cikin Disamba na shekarar nan aka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. Cikin 2024 aka kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi, Allah ya jiƙansa. In wannan ya sami sarki, me manomi zai ce? Shi ya sa ya ke sayar da akuya ya sayi bindigar gida, kuma ban ga laifinsa ba, don Shari'a ta yarje wa mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa.

Amma fa akwai abubuwa uku da ya wajaba mu faɗa wa juna gaskiya a kansu.

Na farko, bindigar gida ba ta kai wadda ɓarayin daji ke riƙe da ita ba. Kai ka buga sau ɗaya ka tsaya ɗuri, shi kuwa nasa kwanso yana cin harsashi 30. Amfaninta shi ne ta tā da gari, ta kori ɓarawo ɗaya ko biyu. Wanda ya ce wa samari su bi ɓarayi cikin daji da ita, yana kai su ga halaka ne.

Na biyu, ta kan ci mai ita. Sana'ar nan a da gado ce, yaro ya kan shekara da shekaru yana zuga wa ubansa kafin a bar shi ya taɓa masaba. Yau duk wanda ya sami guntun ƙarfe sai ya ce shi maƙeri ne. Wani ɗalibina da ya sauke a hannuna, na gan shi bara hannunsa na dama ba yatsa uku, bindigar da ya saya a kasuwa ce ta fashe masa. Yaron da ke rubuta allo da kyau, yau ba ya iya riƙe alƙalami. Sa'an nan ga albarushi ana ajiye shi cikin ɗakin kara kusa da murhu, yara na wasa.

Na uku, shi ne mafi girma. Makami in ba shugaba a kansa, ba ya tsayawa ga tsaro, sai ya wuce zuwa ramuwa. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa cikin Oktoba na 2021, inda 'yan sa-kai suka kashe mutane ba alƙali ba shaida, har Gwamnatin Jihar Sakkwato ta hana ƙungiyar. Jinin Bafillatanin da bai yi laifi ba haramun ne kamar jinin Bagobiri, kuma kowane irin kisan nan shi ke ba ɓarayi sababbin mabiya. Malamanmu sun hana sayar da makami ga wanda aka san zai yi ɓarna da shi. Maƙerin da ya ƙera wa baƙon da bai sani ba, ya karɓi kuɗi ya kau da kai, yana da nasa kaso na alhakin.

Dokar bindigogi ta 1959 ta raba makamai kashi uku: na yaƙi, sai da izinin Shugaban Ƙasa, na farauta irin na Turawa, sai da lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda, sai bindigar ɗuri, wadda aka fi sassauta wa. Dokar ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba, amma ta bar ƙofa a ba maƙeri takardar ƙera irin ta ɗuri da gyaranta. Maƙeranmu da yawa ba su san da ƙofar nan ba, sai dai su ji an kama wani, sana'ar kuwa ta koma cikin dare inda ba mai ganinta.

Shawarata ga Hukuma ita ce a koma ga tsarin da muka gāda. A kira Sarakunan Maƙera da Sarakunan Baka ta hannun hakimai, a rubuta sunan kowane maƙeri, a ba amintattu takarda, kowace bindiga a san mai ita, kada a sayar wa kowa sai dagacinsa ya tsaya masa. Masu gadin gari kuma su shiga ƙarƙashin askarawan da Gwamnan Sakkwato, Ahmad Aliyu, ya kafa cikin 2024, don a san wanda za a tambaya in an yi ɓarna. Amma kada a kama mai adaka a ce an yi aiki, alhali mai shigo da manyan bindigogi ta kan iyaka yana barci lafiya. Tsaron rai nauyin Gwamnati ne, ran da ta sauke shi maƙeri zai koma ga garma da lauje da kansa, ba sai an hana shi ba.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, mu tsare almajiranmu daga zaman maƙera da wasa da albarushi, mu faɗa wa jama'a hukuncin jini a kowace huɗuba. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mai da waɗanda suka gudu zuwa gidajensu da gonakinsu, amin.