Me Ya Hana Burodinki Tashi?



Wata uwa ta tambaye ni abin da ya sa ƙananan burodinta sukan fito da tauri kamar dutse, ga shi kuwa fulawa ba abin zubarwa ba ce. Ni ma na taɓa shan wannan kunya. Ran da surukaina za su zo, na ce wa uwargida ta huta, ni zan yi. Garin sauri na zuba wa yis ruwan zafi daga buta. Muka jira har la'asar, kwaɓin nan ko motsi bai yi ba.

Yis abu ne mai rai, kamar yadda nakan gaya wa 'yan makaranta. Yakan ci sukari ya fid da iska, iskar nan ce ke kumbura kwaɓi. Ruwan da ya kai digiri 60 yakan kashe shi sarai. Abin da yake so shi ne ɗumi irin na ruwan wankan jariri. Ki jiƙa shi da ɗan sukari, ki jira minti 10. In bai yi kumfa ba ya mutu, kada ki ɓata fulawarki.

Ga ma'auni: fulawa kofi 4, yis ƙaramin cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1, sukari da bota babban cokali uku-uku, ƙwai 1, madara mai ɗumi kofi 1. Ki kwaɓa, ki murza minti 10 cur. Nan ne yawancinmu muke yin ha'inci, amma murzar ce ke ba kwaɓi danƙon da zai riƙe iska. Ki rufe da tsumma mai laima har ya ninka, wajen awa guda. Da hunturu yakan fi haka, sai haƙuri. Ki raba gida 12, ki mulmula, ki jera a faranti mai mai, su sāke tashi rabin awa.

Mai tanda irin ta zamani, digiri 190, minti 15 zuwa 20. Wadda ba ta da ita, ta zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ya yi zafi, ta ɗora farantin a kai, ta rufe, ta aza garwashi bisa murfi don saman ya yi ja. Ni tukunyar na fi so, ko da yake sai an tsare ta. Da saukewa ki shafa musu bota tun da zafinsu.