Wace Manhaja Ce Ta Dace Da Ofisoshinmu?

Sanin kowa ne cewa galibin aikin ofis a ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo rajista ce: ta manoman rani na bakin kogin Rima, ta majinyata, da ta masu biyan haraji.

A yau akwai manhajojin kyauta, masu buɗaɗɗen asirin ƙira, waɗanda akawu zai tsara fom da su ko bai koyi rubuta umarnin kwamfuta ba. ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, ta taimaka wajen sa ido kan shan-inna kafin a tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020. DHIS2 ta Jami'ar Oslo kuwa, a cikinta ƙasar nan ke tara alƙaluman lafiya.

Amma fa araha ba ta ado. Lalle ne hukuma ta tambaya kafin ta zaɓa: shin manhajar tana aiki a ƙauyen da babu intanet? A hannun wa bayanan talakawa za su zauna? Wa zai gyara ta in an yi wa ma'aikacin da ya tsara ta canjin wurin aiki?

Hukumar da ba ta horar da ma'aikata aƙalla biyu ba, ran da ɗaya ya tafi, rajistarta ta bi shi.