Tsohon kod ba shara ba ne, a daina gaggawar gogewa

Yau maganata da matasanmu masu koyon rubuta manhaja ce. Da yawanku da zarar an ba ku tsohon kod ku gyara, sai ku ce: "Kai, wannan shirme ne, a goge a rubuta sabo." Ni dai ban yarda da wannan ba.

Duk mai gyaran waya ya sani, idan waya tana ɗaukewa ba filashin ake fara yi mata ba. Sai ka duba batir da wurin caji, ka kwashe wa mai ita lambobinsa da hotunansa tukuna. To, kod ma haka yake. Layin nan da kake ganin ba shi da amfani, wataƙila wani ne ya sa shi shekara goma baya don toshe matsalar da kai ba ka taɓa gani ba. Kana goge shi, matsalar ta dawo. Da tsohuwar zuma ake magani: yaren COBOL tun 1959 yake, har gobe manyan bankunan duniya na aiki da shi.

Ku duba abin da sauyin lokaci ɗaya ke jawowa. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe kwastomominsa zuwa sabon tsari a ƙarshen mako guda. Mutane suka kasa shiga asusunsu, a 2022 aka ci bankin tarar kusan fam miliyan 49. A nan gida ma, a Oktoban 2024 GTBank ya koma Finacle, Zenith ya koma Flexcube, kwastomomi suka yi ta kukan tiransifa na maƙalewa. A ofis sunan abin "sabunta tsari". Amma ga wanda ya sayar da buhun masara a Dirin Daji yana tsaye gaban mai POS, kuɗin cefanen gidansa ne ya tsaya.

Ba cewa nake a bar tsohon kod ya ruɓe ba, don ta ɓarakarsa ɓarayin intanet ke shiga. A sabunta, amma da tsari:

1. Ka ajiye kwafi kafin ka taɓa komai.
2. Ka rubuta gwajin da zai nuna yadda manhajar ke aiki yanzu.
3. Ka sauya ɓangare ɗaya, ka gwada, sannan na gaba. Tsohon ya ci gaba da aiki har sabon ya zauna.
4. Ka gwada a ƙaramar waya da netwok mai rauni.

Na huɗun nan shi ya fi damuna. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a Android da bai kai 5.0 ba. Mu a Sakaba da Zuru, mutane da yawa da waya mai madanni da lambobi irin *737# suke harkar banki. Idan sabuntawarka ta bar su a baya, wa ka yi wa aikin?

Allah ya sa mu dace.