Takardar lafiyar mota: Wa ya duba motar kafin a buga hatimi?

Duk shekara idan takardun mota suka ƙare, abin da mafi yawan masu mota ke yi a ƙasar nan sananne ne. A kira wani da ya san kan ofishin lasisi, a tura masa hoton tsofaffin takardu ta WhatsApp, a tura kuɗi, a ɗora masa na mai. Kafin la'asar sababbin takardu sun iso. A ciki akwai lasisin mota, akwai inshora, akwai kuma wata takarda da ke cewa jami'in gwamnati ya duba motar, ya same ta da lafiyar hawa titi. Motar kuwa ko motsi ba ta yi ba daga ƙofar gida. Wata ma tana gareji an sauke injinta.

Wannan takarda, wadda direbobi ke kira rodwodines, ita kaɗai ce a cikin takardun mota da ke magana a kan rai tun kafin a rasa shi. Lasisi kuɗin shiga ne na jiha. Inshora alkawarin diyya ce bayan ɓarna ta auku. Ita kuwa shaida ce cewa birkin motar na kamawa, sitiyarinta na jin hannu, tayoyinta za su kai fasinja gida. Idan aka ba da ita ba tare da an ga motar ba, ta zama shaidar zur, kuma mai ɗauke da hatimin hukuma.

Ƙa'idar ba ta da wuyar fahimta, sai dai ba a cika bayyana ta ga jama'a ba. Duba lafiyar mota aikin jihohi ne, jami'an VIO ne ke yi, galibi a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri ko ta ayyuka. A Abuja kuma hukumar DRTS ce. Motar gida ana duba ta sau ɗaya a shekara. Motar haya da ta dakon kaya kuwa duk bayan wata shida, domin tafiyar da bas ɗin Kano zuwa Kaduna ke yi a wata guda, motar ma'aikacin ofis ba ta yin ta a shekara. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ba ita ke ba da takardar ba, kodayake jami'anta na da hurumin tsayar da direba a kan hanya saboda suɗaɗɗiyar taya ko fasasshen gilashi. Ga kuma hukumomin jiha irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna, kowa da kakinsa. Talakan direba bai san wa ke gwaji ba, wa ke kamu. Abin da ya sani shi ne dukkansu suna iya ɗaga masa hannu.

Gwaji na gaskiya ba ya cin lokaci mai yawa. A cibiyar da ke aiki da na'ura, ana ɗora tayoyin mota a kan wasu ƙarafa masu juyawa, a taka birki, kwamfuta ta auna ƙarfin kamun kowace taya daban. Nan ake gane motar da birkinta na dama ya fi na hagu ƙarfi, irin wadda ke fizgewa gefe idan aka taka da gaggawa. Sannan a girgiza ƙafafun motar a ga halin shokazoba, a auna inda hasken fitila ke sauka don kada ya kashe idon mai tahowa, a sa na'ura a bakin salansa a auna hayaƙi. Wani jami'i ya shiga rami ya leƙa ƙarƙashin motar, ya duba yoyon man birki da sassan sitiyari da suka yi lam. A ƙarshe a ba mai mota sakamako a rubuce, ko ta ci ko ta faɗi, tare da dalili.

Abubuwan da wannan gwaji ke kamawa ba a ganin su da ido a bakin titi. Man birki, alal misali, yana zuƙar danshi a hankali. Idan ya tsufa, direba ba zai ji komai ba a cikin gari. Sai ranar da ya hau doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, birki ya ɗau zafi, ruwan da ke cikin man ya tafasa, ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse. A lokacin babu makanike, babu gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun taya ya fi haka muni. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da aka yi ta da shekarar: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. FRSC ta daɗe tana gargaɗin cewa taya na da wa'adi, ko da zanenta bai suɗe ba, domin roba na bushewa ta tsattsage daga ciki. Tayoyin gwanjo na cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigo da su, amma ga su nan jibge a kasuwannin kayan mota. Wasu daga cikinsu don ƙanƙarar Turai aka ƙera su. Sai a ɗaura su a bas mai cike da mutane da buhuna, a hau kwalta da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri. Idan ta fashe sai a ce tsautsayi.

Jihar Legas ta gwada rufe wannan ƙofa. Ta soma buɗe cibiyoyin gwaji da na'ura a 2017, sannan daga Janairun 2022 ta ce ba za a ƙara ba kowa takardar lafiyar mota ba sai an kawo motar an duba. An yi ƙorafi a kan layi da ɓata lokaci, kuma ba za a ce an rufe kasuwar dillalai baki ɗaya ba. Amma aƙalla an kafa ƙa'ida guda: takarda na bin bayan gwaji. Abuja da wasu jihohi sun kafa nasu cibiyoyin.

A nan ne matsalar arewa ta bambanta. Legas ƙaramar jiha ce a faɗin ƙasa. Neja da Borno kowacce ta ninka ta fiye da sau goma. Idan jiha ta kafa cibiya ɗaya ko biyu a babban birninta ta ce kowa ya zo, to ta yi doka ne ga mazauna birni kawai. Mai a-kori-kura da ke dakon masara a Doguwa zai yi asarar yini guda da man zuwa da dawowa kafin ya kai motarsa cikin Kano, kuma sau biyu a shekara. Lissafi ɗaya zai yi ya gane dillali ya fi araha. Abin takaici kuma, motocin ƙauye da ake lafta wa kaya ranar kasuwa su ne suka fi buƙatar a duba su. Hatta a cikin birni, mutum kan sha tambaya kafin ya gano inda ake gwajin, nawa ne kuɗinsa, da abin da za a duba. Inda hukuma ta ɓoye farashi, dillali ne ke yanka shi.

Birtaniya ta fuskanci wannan tambaya tun 1960, lokacin da ta soma gwajin da ake kira MOT. Da farko motocin da suka shekara goma kawai ake dubawa, kuma birki da fitila da sitiyari ne kaɗai. A yau galibin motocin da suka cika shekara uku sai an gwada su duk shekara. Abin lura shi ne gwamnati ba ta ce sai a ofishinta ba. Ta tantance gareji masu zaman kansu fiye da 20,000 a Ingila da Sukotlan da Wales, kowanne da alamar shuɗin allo a ƙofa, ta yadda mai mota zai sami wurin gwaji kusa da gidansa. Ta ƙayyade mafi yawan kuɗin da za a karɓa a kan ƙaramar mota, fam 54.85, kowa ya sani. Abin da za a duba yana rubuce dalla-dalla, har zurfin zanen taya, wanda bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba. Tun 2018 ana kasa laifin mota gida uku: ƙarami, babba, da mai haɗari. Wanda aka kama yana tuƙi ba takarda yana iya biyan tarar da ta kai fam 1,000.

Ginshiƙin tsarin shi ne rajista. Kowane sakamako yana shiga rumbun hukumar DVSA, kuma duk wanda ya san lambar mota zai iya buɗe wayarsa ya ga tarihin gwajinta: yaushe ta faɗi, saboda me, mil nawa ta ci a lokacin. Mai sayen tsohuwar mota na amfana, kamfanin inshora na amfana, garejin da ya saba sayar da takarda ba tare da ganin mota ba kuma ya bar sawun da za a bi a kama shi. Ana samun masu maguɗin a can ma, ana kuma ƙwace musu izini.

Akwai darasi na biyu a cikin ƙasar. A Arewacin Ayalan gwamnati ce ke gudanar da gwajin da kanta a 'yan cibiyoyi ƙalilan. A farkon 2020 aka gano tsagewa a jikin na'urorin ɗaga mota na cibiyoyin, aka dakatar da gwajin yawancin ƙananan motoci, layi ya taru har ya ɗauki dogon lokaci bai warware ba. Wannan ƙasa ce mai kuɗi da wutar lantarki. Jihar da ke shirin rataya dukkan motocinta a wuyan cibiya ɗaya mai aiki da janareta sai ta yi tunani.

Masu adawa da tsaurara gwaji suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin taya da kayan gyara sun yi tashin gwauron zabo. Inshorar dole ta ƙananan motoci ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. Direban da ke kai balas kullum yana sayen tayar gwanjo ne don ita ce aljihunsa ya kai, ba don bai san haɗarinta ba. Sannan jama'a sun daɗe suna kallon duk wani sabon shinge a matsayin sabuwar hanyar karɓar na goro. Wannan fushi ne ya sa mutane da yawa suka yi murna a Oktoban 2024, lokacin da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO na birnin ba su da hurumin tsayar da motoci a kan titi, ko ƙwace su, ko cin tarar direbobi. Gaskiya ne kuma cewa rahotannin FRSC sun fi ɗora laifin haɗurra a kan gudun wuce sa'a fiye da lalacewar mota.

To amma hukuncin kotun bai soke gwaji ba. In ma an lura, ya tura jami'an ne zuwa inda aikinsu yake tun asali, wato filin gwaji. Batun gudu kuwa, shi da lafiyar mota ba sa rabuwa: mai gudu da birki mai kyau yana da sauran dama, mai gudu da mataccen birki ba shi da ita. Maganar tsada ma tana da wata fuska. Mai mota yana biyan kuɗin gwajin a yanzu haka, yana cikin jimillar da yake tura wa dillali kowace shekara. Ana karɓar kuɗin aiki, aikin ne ba a yi.

Don haka abin da ake buƙata daga gwamnatocin jihohi bai kai gina sababbin hukumomi ba. Su wallafa sunaye da adireshin wuraren gwaji, da farashi, da jerin abin da ake dubawa, da Hausa, a rediyo da tashoshin mota da intanet. Su tantance gareji masu zaman kansu a manyan garuruwan ƙananan hukumomi, tare da sharaɗin cewa mai mota na da 'yancin kai gyara inda ya ga dama, don kada mai gwaji ya riƙa kayar da mota saboda ya sami aikin gyara. Inda babu gareji mai kayan aiki, akwai na'urorin gwaji da ake ɗauka a bayan babbar mota. A kai su ranar kasuwa. Wanda motarsa ta faɗi a ba shi wa'adin gyara, ya dawo a sake dubawa ba tare da sabon kuɗi ba. Mafi muhimmanci, kada kwamfutar ofishin lasisi ta iya buga takardar sai sakamakon gwaji ya shiga, da hoton motar a wurin. Muddin ana iya buga ta da hannu a bayan ofis, sauran duk ado ne.

Shi ma mai mota ba sai ya jira gwamnati ba. Ofishin VIO galibi ba ya nesa da inda ake sabunta lasisi, kuma yana da haƙƙin ya kai motarsa ya ce a duba, ya nemi rasit. Kafin ya je, rabin sa'a a wurin makanikensa ta isa a duba birki da mansa, fitilu da sigina, oda, abin share gilashi, bel, da shekarun tayoyi har da safaya.

Idan kuma ana tambayar ta ina za a fara, to ba daga kan mai tsohuwar Golf da ke kai 'ya'yansa makaranta ba. A fara da tankokin mai da tireloli da dogayen bas, inda birki ɗaya ke riƙe da rayuka da yawa, a zauna da shugabannin NURTW da NARTO a tsara gwajin a cikin tashoshi da garejin manyan motoci. Kafin su ma, a jera motocin gwamnati: bas-bas na kamfanonin sufuri na jihohi, motocin ɗaukar marasa lafiya, motocin kwasar shara, da na sintirin su kansu masu kamun, a gwada su a bainar jama'a, a wallafa nawa suka ci, nawa suka faɗi.