Faifan Triana Da Karin Harshen Da Aka Raina

A cikin watan Afrilu na shekarar 1975 wasu samari uku na ƙasar Sifaniya suka fitar da faifansu na farko, suka sa masa sunan ƙungiyarsu, watau Triana. Mutane ne suka laƙaba masa El Patio, ma'ana tsakar gida, saboda zanen da Máximo Moreno ya yi a jikin kwalin, na wani tsohon gidan haya irin na birnin Sebil. Waƙoƙi 7 ne a ciki, dukansu da Sifaniyanci. Gidajen rediyo ba su kula da shi ba, a kantuna kuwa ya daɗe yana shan ƙura kafin a soma tambayarsa.

Mai karatu da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan yana iya cewa ina ruwan biri da gada. To, ruwan shi ne, samarin nan uku 'yan ci-rani ne. Jesús de la Rosa mai waƙa da kiɗa ogan da piyano, da Eduardo Rodríguez mai jita, mutanen Sebil ne, Juan José Palacios mai ganguna, wanda a ke kira Tele, daga wajen Kadis ya fito. Duk 'yan jihar Andalus ne, kudancin ƙasar, inda talauci ya kori ɗimbin jama'a zuwa Madrid da Barselona da Jamus tun daga shekarun 1950. Yawansu a Barselona ya kai har a ke yi wa birnin kirari da lardi na 9 na Andalus, alhali larduna 8 ne jihar ke da su. Su ma samarin a Madrid suka haɗa ƙungiyarsu a 1974, nesa da gida, suka ɗauko sunan wata unguwar maƙera tukwane da masunta da ke ƙetaren kogin Sebil suka ɗora wa kansu.

Mutumin Andalus kuwa da ya buɗe baki an gane shi. Yana haɗiye ƙarshen kalmomi, yana sassauta wasu haruffa, mutanen Madrid suna ɗaukar wannan alamar ƙauyanci. A wasan kwaikwayo da sinima na zamanin, ɗan aiki da mai ban dariya a ke ba irin wannan baki. An sha ba da labarin cewa Jesús ya taɓa neman gurbin mawaƙi a ƙungiyar Los Bravos, waɗanda suka yi suna a duniya a 1966 da wata waƙa ta Turanci da Bajamushe ya rera musu, aka sallame shi saboda karin harshensa. Ke nan Bajamushe mai aron Turanci ya samu shiga, ɗan ƙasa mai maganar uwarsa bai samu ba.

Abin da ya yi bayan haka shi ne dalilin wannan sharhi. Da wani ne, sai ya koma ɗaki ya dinga goge harshensa har ya yi kama da na mai karanta labarai. Shi kuwa sai ya ƙara buɗe baki.

Irin kiɗan da suka zaɓa na Ingila ne. Tun wajen 1969 wasu ƙungiyoyi irin su King Crimson da Pink Floyd suka gaji da waƙar minti 3 ta rawa, suka shiga tsara rok mai dogon zango, waƙa guda ta kai minti 10 ko 20, tana sauya tafiya kashi kashi kamar kiɗan manyan makaɗan Turai na dauri, ogan da na'urar sintesaiza suna tsayawa a madadin taron masu goge da masu busa. Samarin Sifaniya da yawa sun kwaikwayi wannan, kuma akasarinsu da Turanci suka yi, domin an riga an yarda cewa rok ba ya zama a wani harshe. Ko ƙungiyar Smash ta Sebil, wadda ta riga Triana gwada cuɗa rok da kiɗan gida, yawancin waƙoƙinta na Turanci ne.

Kiɗan gidan nan shi ne filamenko, na Andalus, wanda al'ummar Gitano suka fi riƙewa: jita ta katako, da tafi, da murya mai kuka. Amma a lokacin ya sami tabo a idon matasa, domin gwamnatin Janar Franco ta mai da shi kayan tallar ƙasa, a yi wa 'yan yawon buɗe ido rawa da jan siket su biya su tafi. Saurayi mai dogon gashi a 1974 yana ganin filamenko kiɗan tsofaffi ne da na hukuma. Triana suka tsinto shi daga nan suka aza shi a gindin kiɗansu. Waƙar farko, Abre la puerta, watau buɗe ƙofa, ta kusa minti 10. Jita da piyano ne ke buɗe ta a hankali, sa'an nan ganguna su shigo da bugun buleriya, wanda a ke ƙirga shi 12, ba 4 ba irin na rok. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga mai ganguna, kuma a nan a ke gane cewa cuɗawar ta gaske ce. Da kwalliya ce kurum, da sun bar bugun Ingila yadda ya ke sun yayyafa masa jita a sama, kamar yadda a ke yi wa faifan 'yan yawon buɗe ido.

Masu kishin filamenko tsantsa sun yi gunaguni, suna cewa an ɓata gado da wutar lantarki. Maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya, gama Jesús ba ya cikin gwanayen mawaƙan filamenko, muryarsa ba ta da irin karyewar nan tasu, kuma akwai wurare a faifan da ogan ke dogon surutu ba tare da ya faɗi kome ba, cutar da ta kama kusan duk masu wannan kiɗa har na Ingila. Amma sun manta cewa yaran 'yan ci-rani da suka tashi a bayan garin Barselona ba za su je neman tsohon mawaƙi a Sebil ba. Faifan Pink Floyd su ke saye. Wanda ya zo musu da irin wannan sauti, sa'an nan suka ji bakin iyayensu a cikinsa ba don ban dariya ba, shi ne ya mai da su gida.

Haka kuwa aka yi. Faifan da Gonzalo García-Pelayo ya shirya a ƙarƙashin tambarin Gong na kamfanin Movieplay ya bazu daga hannu zuwa hannu, ba da taimakon talla ba. Franco ya mutu ran 20 ga Nuwamba 1975, wata 7 bayan fitowarsa. A 1977 suka fitar da Hijos del agobio, wanda ya fi taɓa siyasa, kuma ran 4 ga Disamba na wannan shekara jama'ar Andalus suka cika tituna suna neman mulkin kai na jiharsu, abin da ya kai ga ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Fabrairu 1980. Ba faifai ne ya fitar da su titi ba, kada a ɗora wa makaɗa abin da ba su yi ba. Sai dai mutanen da suka daina jin kunyar bakinsu sun fi saurin buɗe shi a gaban hukuma. Kafin 1979, lokacin da Sombra y luz ya fito, Triana na cika manyan filaye, kuma ƙungiyoyi irin su Alameda da Medina Azahara ta Kurɗuba, garin mai tafsirin nan da malamai suka sani, sun bi sawunsu.

Abin takaici, samun kasuwa ya rage musu kaifi. Fayafayan da suka biyo baya daga 1980 sun gajarta waƙoƙi, sun yi laushi don rediyo, a daidai lokacin da matasan Madrid suka juya wa dogon kiɗa baya. Wanda ya ke son jin abin da suka zo da shi, na farkon nan zai nema, sa'an nan biyun da suka bi shi.

A watan Oktoba 1983 Jesús de la Rosa yana komawa Madrid daga San Sebastián, inda suka yi wasa don taimakon waɗanda ambaliyar ruwa ta shafa, motarsa ta yi karo kusa da Burgos. Ya rasu yana da shekara 35, bayan fayafai 6. Tele ya rasu a 2002.