Watan Afrilu ba lokacin yanke hukunci ba ne a gasar fantasi ta besbol

Duk matashin da ke buga Fantasy Premier League ya san yadda hannu ke ƙaiƙayi idan ɗan wasan da ya saya da tsada ya yi mako biyu bai ci ƙwallo ba. Amurkawa sun daɗe da sanin wannan ƙaiƙayi a wasansu na besbol. Tun 1980 ɗan jarida Daniel Okrent da abokansa suka tsara dokokin gasar fantasi ta besbol, suka raɗa mata sunan gidan abincin da suke haɗuwa a New York, La Rotisserie Française. Mutum zai zaɓi 'yan wasa na gaske daga ƙungiyoyi 30 na gasar MLB, abin da suka yi a fili shi ne makinsa. A ganina babbar ɓarnar da masu ƙungiya ke yi wa kansu a watan Afrilu suke yin ta, lokacin da suke zubar da gwanaye saboda 'yan makonni marasa kyau, su kwaso waɗanda tauraronsu ya haska na ɗan lokaci.

Lissafin ba shi da wuya. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, don haka idan Afrilu ya ƙare ba a ci ko kashi ɗaya cikin biyar na kakar ba. A 2006 Chris Shelton na Detroit Tigers ya buga hom-ran tara, wato ya tsallakar da ƙwallo bayan katangar fili, a wasanni 13 na farko. Masu fantasi suka yi ta rububinsa. Kafin Agusta ya kama ƙungiyarsa ta mayar da shi ƙaramar gasa, ya gama shekarar da 16 kacal. Sai a dubi Aaron Judge na New York Yankees a 2024. Ya fita daga Afrilu yana samun bugu mai kyau kusan sau ɗaya cikin biyar, har magoya bayan ƙungiyarsa suka yi masa ihu a gida. Ya rufe kakar da hom-ran 58, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar American League. David Ortiz na Boston bai buga hom-ran ko ɗaya ba a 2009 sai 20 ga Mayu, amma ya ƙare da 28. Wanda ya yi musayar Judge ko Ortiz da arha cikin fushi, da hannunsa ya miƙa wa abokin hamayya nasara.

Dalilin yana cikin yanayin wasan kansa. Da zarar ƙwallo ta bar sanda, mai bugu ba shi da iko sosai a kan inda za ta sauka. Wata za ta fita da ƙarfi ta faɗa hannun mai tsaro, wata ta fita a raunane ta sauka inda babu kowa. A tsawon kaka sa'a da rashinta suna daidaita, amma a bugu ɗari ba sa yi. Mai nazarin alƙaluma Russell Carleton ya nuna cewa yawan kuskuren ƙwallo da ke sa a fitar da mai bugu yakan fara bayyana gaskiyarsa bayan ya tsaya bugu sau kusan 60, alhali matsakaicin bugunsa yana buƙatar fiye da kaka guda kafin a dogara da shi. Ga kuma sanyin Afrilu a birane irin su Chicago da Minneapolis, inda ƙwallo ba ta tafiya nesa kamar yadda take yi a zafin Yuli.

Za a ce mini Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma masu wannan magana suna da hujja. José Bautista na Toronto bai taɓa wuce hom-ran 16 a kaka ba, sai ga shi da 54 a 2010. Wanda ya tsaya jiran tabbaci wani ya riga shi ɗauka. Na yarda. Sai dai Bautista ya sauya lokacin da yake fara lilo da sanda tun a 2009, ya buga hom-ran goma daga Satumban shekarar zuwa ƙarshen kakar, kuma ƙungiyarsa ta ba shi gurbi na dindindin. Akwai sanadi a ƙarƙashin alƙalumansa, kuma sanadin ne ya kamata a nema. Tun 2015 na'urorin Statcast suna auna saurin jifa da ƙarfin bugu a kowane filin MLB, kowa na iya dubawa kyauta. Mai jifan da saurinsa ya ragu sosai abin damuwa ne ko da yana cin wasa, domin sau da yawa rauni ne ke tafe. Mai bugun da ƙwallonsa ke fita da ƙarfi kamar bara amma tana faɗawa hannun mutane, a bar shi, lokaci zai biya shi.

Wani ƙorafin shi ne haƙuri na iya zama lalaci, musamman a gasar da ake karawa mako-mako, inda asarar Afrilu take zama a kan tebur har ƙarshe. Ba na kiran kowa ya naɗe hannu. Afrilu watan aiki ne, amma a ƙasan jerin 'yan wasa aikin yake. A wannan watan ne ake gane wanda koci ya damƙa wa zagaye na tara don rufe wasa, da matashin da aka ɗago daga ƙaramar gasa, da wanda ya gaji gurbin mai rauni. Waɗannan labarai ne na gurbi da dama, ba sa buƙatar dogon jira. Gurabe uku ko huɗu na ƙarshe a benci a yi ta juya su, domin idan gwajin ya faɗi ba a yi asarar komai ba. Kuɗin neman 'yan wasa da gasar ke ware wa kowa ma kada a ƙarar da shi a makonni uku, don rauni bai san wata ba. Amma ɗan wasan da ka ɗauka a zagayen farko na zaɓen 'yan wasa saboda aikin shekara uku ko huɗu da ya nuna, in dai lafiyarsa ƙalau kuma yana nan a gurbinsa, kada ka saurari tayin kowa a kansa kafin ƙarshen Mayu.